Kafin ku sa wa kat-kat ɗinku dogon amortisar

ʼYan'uwa masu Land Cruiser da Hilux a Tahoua, musamman masu bin gargadar hanyar Abalak: in an ƙara wa mota tsayi daga ƙasa da santimita 5, tsohon amortisar, wato abin da ke rage wa mota jijjiga, ya gajarce. Amma kada ku sayi sabo da ido.

A cire tsohon, a ɗaga shasi da kirik har ƙafa ta yi reto, a auna daga kunne zuwa kunne, wato wurare biyun da ake ɗaure amortisar, don a san tsawon da ake buƙata in ya miƙe. Sannan a auna tsawon da zai rage in aksil, ƙarfen da ke riƙe ƙafafun mota, ya danne robar da ke hana shi bugun shasi. Nan ake yawan kuskure: dogon amortisar ko an matse shi dogo ne. Dole in ya matsu ya gaza wannan awon da santimita 1 zuwa 2, in ba haka ba shi zai sha dukan rami, ya zubar da mai ko ya ɓalle kunnensa. In bai gaza awon ba, maganin, a ƙara wa robar kauri.

A duba tiyon birki. In ya miƙe kamar tsirkiya, a sa mai tsawo. Gaban Hilux kuwa kada a wuce gona da iri wajen ƙara tsayi, don yana cin kardan, sandar da ke juya ƙafa. Bulon amortisar ɗin, sai mota ta sauka ƙasa a ɗaure shi, don kada robar da ke cikin kunnensa ta yage.