Darasi na 12: Jan Ƙullutu a Idon Kare

A wajenmu a Sudan, daga Mai Wurno har ƙauyukan Gadarif, kare ma'aikaci ne. Shi ke kwana da garke, shi ke gadin gonar dawa da ta riɗi. Addini ya halatta ajiye shi don irin wannan aiki, kuma dabbar da ka ajiye, lafiyarta tana wuyanka.

Ka duba idon karenka ta gefen hanci. Ban da fatar ido ta sama da ta ƙasa, akwai wata siririya ta uku a ɓoye, wadda ke share ƙura daga ƙwayar ido. Jaki da akuya da raƙumi ma suna da ita. A gindinta akwai wani ɗan ƙullutu da ke fitar da kusan kashi 1 cikin 3 na hawayen idon.

Wani lokaci ƙullutun nan yakan zame ya leƙo waje. Sai ka ga jan abu kamar 'yar magarya a kusurwar ido. An fi ganin haka a karen da bai kai shekara 2 ba, kuma idan ya fito a ido ɗaya, yana iya fitowa a ɗayan.

Kada ka yanke shi! Na taɓa ganin wani dattijo ya riƙe karensa, reza a hannu. Na ce, "Baba, don Allah a dakata." Ya ce, "Ɗana, ai tsiro ne, gara a cire." Ba mugunta ta sa shi ba, tausayi ne. Amma abin ba tsiro ba ne, rijiyar hawaye ce. Idan aka yanke, jan ya tafi, sai a ɗauka an warke. Bayan watanni ko shekaru idon na iya bushewa, kwantsa mai kauri ta riƙa taruwa, ƙwayar ta dushe, har kare ya makance. Likitan dabbobi ba cirewa yake yi ba. Yakan sa kare barci, ya mayar da ƙullutun mazauninsa, ya ɗinke.

Kafin ka kai shi, ka tafasa ruwa rabin lita, ka zuba gishiri ƙaramin cokali 1, ka bari ya huce. Ka wanke idon da auduga mai tsabta. Ban da kwalli, ban da toka, ban da ragowar maganin idon mutane. Ka hana shi sosawa.

Ba kullum ƙullutu ba ne. Fatar nan ta uku kan rufe rabin ido idan ƙayar ƙarangiya, wadda Larabawa ke kira haskanit, ta maƙale a bayanta, ko bayan guguwar ƙura da ake kira habub, ko idan kare ya rame ƙwarai.

Amma idan halinsa ya sauya, yana dalalar da miyau, yana kai cizo ba dalili, kada ka kusanci fuskarsa. Yana iya zama haukan kare. Mutumin da kare ya ciza ya wanke wurin da ruwa da sabulu na minti 15, ya tafi asibiti a ranar.

Aikin aji: Rubuta kalmomin nan sau 3: ƙullutu, hawaye, ƙarangiya. Sannan ka rubuta jimla 2 da za ka faɗa wa maƙwabcinka idan ka gan shi da reza.