Ga mai neman sabon gida daidai aljihunsa a Abuja

'Yan uwa, gaskiya sabon gida mai saukin kudi a Gwarinpa, Wuse ko Garki ya yi wuya. Filaye sun kusa karewa. Dan wanda ya rage, magina sun fi son su dora gidajen alfarma a kai, don kudin filin kadai ya cinye ribar karamin gida.

Shawarata, ku leka gefen unguwannin da suka riga suka zauna: Dawaki da Karsana kusa da Gwarinpa, ko cikin Kubwa da Lugbe. A can ake samun falat mai daki biyu ko uku, kuma kasuwa da makaranta ba nisa.

Amma kada ku biya ko sisi sai an tantance takardun filin a AGIS, ofishin rajistar filaye na Abuja. Ku kuma je ganin gida da damina, musamman wajen Lokogoma inda ambaliya ta sha yin barna. Hoton dillali ba ya nuna kwata.

Ma'aikaci mai zuba kashi 2.5 na albashinsa a asusun gidaje na kasa (NHF), ya tambayi maginin ko yana karbar lamunin FMBN, bankin lamunin gidaje na gwamnatin tarayya, mai ruwan kashi 6. Ba duka ke yarda ba, wasu tsaba suke so.