Yadda za ki jawo yaro ga Hausa da tsofaffin littattafai masu hotuna

Mu da ke Jidda mun san abin, yaro ya dawo daga madrasa Larabci ne a bakinsa har cikin barci, ki yi masa Hausa ya ce miki ɗayyib ya koma kan jawwal, wato wayar hannu. Ni dai abin da ya yi min aiki a gida shi ne littattafan nan na da masu zane, irin waɗanda muka tashi da su.

Ki fara da wanda ya saba gani, kamar Kalila wa Dimna. Tun wajen shekara ta 750 Ibnul Muƙaffa ya mai da shi Larabci amma har yau ana buga na yara da hotuna, in kin leƙa kantin littattafai na Jarir ki duba ɓangaren yara. Ki buɗe labarin zaki da sa, ki sa tafin hannu ki rufe rubutun ruf, hoton kawai za ki bar masa, ki ce waye wannan? Zai ce asad, ke kuma ki ce zaki, ki wuce, kar ki tsaya gyara masa baki kamar malamar aji don wallahi nan take zai gudu. Su Kalila da Dimna ɗin ma ai diloli ne, to ga dila malamin daji ya shigo, daga nan sai tatsuniyar da kika ji wajen kakarki.

In ya fara sabawa sai ki sa mai zuwa Umra ya taho miki da Magana Jari Ce na Abubakar Imam, na ɗaya, wanda ya fito 1937. Hausarsa ta yi wa ɗan nan ƙasar nauyi, karin magana ko'ina, don haka ki karanta ke kaɗai da rana, bayan Isha'i ki ba shi da bakinki yana kallon zanen. Labari ɗaya ya isa. Kuma ki katse daidai inda ya yi daɗi ki ce sai gobe, ai a cikin littafin ma da labari aku ya riƙe Musa ɗan sarki ya hana shi fita yaƙi.

Ki dai ɓoye kalolin zane in gidan haya kike. Tawa autar ta zana min aku kore shar a bangon falo, har da rawani, har yanzu ban samu na goge ba.