Yadda Ake Bin Sawun Wuta Idan Mota Ta Ƙi Tashi

Wanda ya saba zama a garejin makanikai a Kwangila ko Sabon Gari ya sha ganin mota ta ƙi tashi, kafin a duba ta da kyau an riga an aiki yaro ya sayo sabon kwayil (na'urar da ke ƙara ƙarfin wutar batir domin fulogi), a saka ta ƙi, a sayo fulogogi ta ƙi, a ƙarshe kuma a gano cewa kan batir ne ya yi tsatsa. Wannan al'ada tana cinye kuɗin masu mota ba gaira ba dalili, alhali wutar da ke kunna fetur hanya ɗaya take bi, daga batir zuwa makulli, daga nan zuwa fiyus da rile (makunnin da wuta ke buɗewa da rufewa), sannan kwayil, sannan fulogi. Aikin mai gyara shi ne ya bi wannan hanya daki-daki, yana aunawa, har ya isa wurin da ta yanke.

Da farko a saurari motar. Idan an murɗa makulli ba a ji komai ba sai ƙaras-ƙaras, matsalar tana wajen batir ko kik, ba ta kai ga fulogi ba tukuna. Idan kuwa injin yana juyawa da ƙarfi amma bai kama ba, to galibi ko dai babu wuta ko babu mai, kuma a nan ne binciken yake farawa.

A fara da batir, domin duk awon da za a yi bayansa a kansa ya dogara. Batir mai cikakken caji yana nuna kusan bolt 12.6 a mita idan mota tana kashe, kuma lokacin da ake buga kik bai kamata ya faɗi ƙasa da 9.6 ba. Abin da mutane da yawa suke tsallakewa shi ne kawunan batir da wayar da ta haɗa shi da jikin mota da injin, wadda masu gyaran waya ke kira at. A ɗora bakin mita ɗaya a kan batir na baƙar waya, ɗayan a jikin injin, wani ya buga kik. Idan mita ta nuna fiye da rabin bolt, wayar ta yi tsatsa ko ta kwance, kuma ita kaɗai ta isa ta raunana wutar fulogi. A garinmu, inda ƙurar hunturu ke shiga ko'ina sannan damina ta zo ta jiƙa ta, wannan laifi yana yawan faruwa.

Daga nan a murɗa makulli zuwa inda fitilun gaban direba suke kamawa, a duba fiyus ɗin wutar injin da fitilar gwaji a bakinsa biyu. Ido yana yaudara, domin fiyus yakan tsinke ba a gani ba. Wanda ya ƙone a maye gurbinsa da mai lamba iri ɗaya. Ɗaura masa siririyar waya ganganci ne da ya sha jawo gobara. In ya sake ƙonewa nan take, akwai wayar da ta goge take taɓa ƙarfe.

Kwayil shi ne wurin da ya fi cancantar a daɗe. Yana da baki biyu na ƙaramar wuta, a motocin Turai kamar Golf ana rubuta musu 15 da 1. Bakin 15 dole ya samu wutar batir da zarar an buɗe makulli. In babu, laifin yana baya, wajen makulli ko rile. Bakin 1 kuwa shi ne ake haɗawa da yankewa domin kwayil ya harba wuta, saboda haka a ɗora fitilar gwaji a kansa a buga kik. Fitilar da take ƙiftawa tana nuna umarni yana zuwa, sai a zargi kwayil ɗin kansa ko babbar wayarsa. Fitilar da ta tsaya cak tana nuna babu mai ba da umarnin. A tsofaffin motoci irin Fijo 504 da aka harhaɗa a Kaduna, wannan aikin kwantak ne, wato ƙarafa biyu masu haɗuwa da rabuwa, da ke cikin distiributa mai rarraba wuta ga fulogogi, kuma tazararsa kusan milimita 0.4 ce. A motocin zamani aikin sansan kuranshaf ne, wato na'urar da ke lura da juyawar injin, da kwakwalwar mota. Alamar lalacewar wannan sansa sananniya ce: mota tana tafiya lafiya a hanyar Kano, idan injin ya yi zafi ta mutu, bayan ta huce ta tashi kamar ba abin da ya faru.

Domin ganin wutar da ido, a cire fulogi a haɗa shi da wayarsa, a kwantar da gindinsa a jikin injin nesa da duk inda fetur yake, kada a riƙe da hannu, domin wutar tana haura bolt 20,000. Shuɗiyar wuta mai ƙara ita ake so. Ja-ja mai rauni tana iya bayyana a waje amma ta gaza a cikin silinda, inda iska take a matse.

Motocin da aka ƙera don kasuwar Amurka daga 1996 suna da soket na saka kwamfuta, wadda ke nuna lambar laifin da ke jikin motar. Lamba P0335 tana nuni ga sansan kuranshaf, P0302 kuma tana nufin silinda ta biyu ba ta cin wuta daidai. Sai dai lambar ba ta ce a sayi kaya ba. Idan kowane fulogi yana da kwayil nasa, a musanya na biyu da na uku, a goge lambar, a tayar da mota. In ta koma P0303, kwayil ne ya lalace. In ta tsaya a P0302, a koma kan fulogi, soket ɗin kwayil ko nozul mai fesa fetur na wannan silinda.

Idan duk wannan ya fito lafiya amma wata fitila mai hoton makulli tana ƙiftawa a gaban direba, kwakwalwar motar ce ba ta gane makullin ba, abin da yakan faru da motocin Kwatano da aka yanka musu sabon makulli. A gwada ɗaya makullin na asali kafin a bari kowa ya yanke waya ko guda.