Kurakuran da matasa da iyaye suka fi yi a kan katin banki

Kuskuren farko yana cikin sunan abin da ake nema. Yaron da ke shirin jarrabawar BEPC ko ta Bak yakan ce yana son katin bashi domin ya biya kuɗin wani darasi a intanet, alhali hanyar biya kaɗai yake bukata. Katin bashi rance ne: banki ke biya, mai katin ya mayar daga baya, tare da kuɗin ruwa idan wa'adi ya wuce, abin da gidaje da yawa a Damagaram ba za su yarda da shi ba saboda riba. Mafi yawan katunan da ake gani a hannun ma'aikata a ƙarshen wata ba irin wannan ba ne, domin abin da ke cikin asusu kawai suke ci. Rance kuwa yarjejeniya ce, kuma doka ba ta bar wanda bai kai shekarun girma ya ƙulla ta shi kaɗai ba. Ko a Amurka, dokar 2009 ta wajabta wa wanda bai kai shekara 21 ba ya nuna yana da kuɗin shiga, ko wani babba ya tsaya masa, kafin a ba shi katin bashi.

Kuskuren da ya fi jawo ɓacin rai shi ne aron kati. Yaro ya ce, "Kawu, don Allah ka ɗauko mini hoton katinka, sau ɗaya zan yi amfani da shi," kawu kuma saboda kara ya ɗauki gaba da baya ya tura ta WhatsApp. Lambobi 16 na gaba, da watan ƙarewar kati, da lambobi 3 na baya, sun isa a yi sayayya a shafuka da dama ba tare da an taɓa katin ba, hoton kuma yana nan a wayar da abokai ke karɓa suna kallo. Gyaran shi ne babban ya zauna ya shigar da lambobin da hannunsa, ya ƙi amincewa shafin ya adana su, kuma kada ya karanta wa kowa lambar tabbatarwa da banki ke turowa ta saƙo.

Akwai kuma ruɗin farashi, wanda namu ne na musamman. A kasuwar Dole dala tana nufin sefa 5, amma dalar da ke kan shafin sayayya ta Amurka ce, kuma kowace ɗaya ɗaruruwan sefa ce. Yuro ya fi sauƙin lissafi tun da farashinsa a tsaye yake, kusan sefa 656 kowane ɗaya, wato abin Yuro 10 ya haura jika shida da rabi kafin banki ya ɗora ladansa. Sai a haɗa da manhajojin da ke cewa makon farko kyauta ne, sannan su riƙa cirar kuɗi duk wata har sai an shiga an soke rajistar. Goge manhajar daga waya ba ya tsayar da cirar.

Wasu yaran, don gudun tambayar iyaye, sukan kai kuɗi wurin wani mai shago ya biya musu, ko su ajiye kuɗinsu a layin Airtel Money ko Moov Money da aka yi wa rajista da katin ɗan ƙasa na wani. Ranar da wayar ta ɓata, mai sunan ne kaɗai zai iya dawo da layin.

Abin da ya fi dacewa shi ne katin da ake loda wa kuɗi tun da farko, uba ko uwa su buɗe da sunansu, a zuba jika biyar ko goma, saƙon kowace cira yana shigowa wayarsu. Idan yaron yana da ɗan abin da yake samu, sai a je banki tare da takardar haihuwarsa a tambayi sharuɗɗan asusun ajiya na yara, wanda waliyyi ke sa wa hannu.