Kurakuran da aka fi yi wajen saka abin sha a firiza

Yawancin abubuwa idan sanyi ya kama su tsukewa suke yi, amma ruwa kumbura yake. Ƙanƙara takan ci wuri fiye da ruwan da aka yi ta da shi da kusan kashi 9 cikin 100. Rabin ɓarnar da ake kwashewa a firiza daga nan take tasowa, sauran rabin kuma daga ɗaukar da ake yi cewa duk abin da ke cikin kwalba iri ɗaya yake daskarewa.

Babban kuskure shi ne cika gora har baki. Mai sayar da zoɓo ko kunun aya tana son mai saye ya ga ba a rage masa ba, sai ta cika ta murɗe murfi tamau. Da safe gindin gorar ya bultso, ba ta iya tsayuwa, wata ma murfin ya tsage zoɓo ya yi wa firiza jan fenti. Gyaran ba wuya: a bar sarari kamar faɗin yatsu biyu a wuyan gora, a jera su a tsaye har su kama.

Kwalbar gilashi ita ba ta da haƙurin roba. Lemon kwalba da maltina da duk wani abin sha mai gas matsalarsu biyu ce. Ruwan yana kumbura, sannan ƙanƙara ba ta riƙe gas, sai ta tunkuɗo shi ya taru a ɗan wurin da ya rage. Daga nan ko dai murfi ya yi sama, ko kwalba ta tarwatse, ko gwangwani ya yage ta gefe. Lemon inabi mai kumfa da ake rabawa a wajen biki, wanda ba shi da sa maye, shi ma haka yake. Idan baƙi sun yi sallama kuma lemo da ɗumi, kada a jefa shi firiza a ce za a tuna, domin hira ta yi daɗi ba a tunawa. A samu bokiti a zuba ƙanƙara da ruwa da gishiri cikin tafin hannu, a nutsa kwalaben. Gishiri na sa ruwan ya yi sanyi ƙasa da digiri sifili a ma'aunin zafi ba tare da ya daskare ba, kafin a gama gaisawa sun yi sanyi. Wadda kuma aka riga aka manta ta daskare, kada a buɗe, kada a zuba mata ruwan zafi. A naɗe ta da tsumma a sa a roba ta narke da kanta. Idan gilashin ya nuna tsaga ko yaya, a zubar da abin da ke ciki.

Akwai masu tunanin firizarsu ta lalace don ruwan leda ya zama dutse amma zoɓo ya tsaya ruɓu-ruɓu. Lafiyarta ƙalau. Ruwa zalla yana daskarewa a sifili, amma duk abin da aka narkar a cikinsa, sukari ne ko gishiri, yana jan wannan ma'auni ƙasa. Inda abin ya fi fitowa fili shi ne a barasa. Sinadarin da ke sa maye sai sanyi ya kai wajen digiri 114 ƙasa da sifili yake daskarewa, alhali firizar gida a kan digiri 18 ƙasa da sifili take aiki. Saboda haka giya mai ƙarfi irin su wiski da bodka, da sinadarin ya kai kashi 40 cikin 100, ba ta daskarewa a firizar gida, kauri kawai take ƙarawa. Giyar inabi kuwa, mai kashi 12 zuwa 14, tun wajen digiri 5 zuwa 7 ƙasa da sifili take fara kamawa, har ta turo toshiyar kwalbar waje. Wanda ba ruwansa da barasa ma zai ga wannan a gidansa: turaren fesawa da sinadarin goge hannu da aka yi ta amfani da shi lokacin korona ba sa zama ƙanƙara, dalilin ke nan.

Wannan ya kawo mu ga kuskuren shan abu kafin ya gama narkewa. Sa'ad da zoɓo ke daskarewa ruwan ne ke fara zama ƙanƙara, sukari da launi su matsu a wuri guda. Idan aka fito da shi, wannan mai kaurin ne ke fara narkewa. Yaro ya kafa kai ya zuƙe zaƙin, ya bar farin dunƙulen ƙanƙara marar ɗanɗano, a dawo ana cewa mai zoɓo ta tsuga ruwa. Ba laifinta ba ne. Manoman Amurka na da can da gangan suke yin haka da giyar tuffa: su bar ta a waje cikin hunturu, su riƙa kwashe ƙanƙarar, abin da ya saura ya ƙara ƙarfi. A bari gora ta narke duka, a girgiza, sannan a sha.

Nono da yogot da kunun aya idan sun narke sukan rabu, ruwa a sama, gari ko guda-guda a ƙasa. Wannan kaɗai ba lalacewa ba ce, girgizawa ko burgawa na mayar da su, ko da yake santsin ba ya dawowa kamar da. Abin tsoro daban ne. Sanyi ba ya kashe ƙwayoyin cuta, barci kawai yake sa su. An ɗauke wuta, kunun aya ya narke ya yi ɗumi, an kawo wuta ya sake daskarewa, ido ba zai gane ba sai ciki ya gane. A ganina wannan ya fi fashewar kwalba muni nesa ba kusa ba, musamman a watan azumi da ake dama da yawa a tara. Idan gora ta fesar da iska da aka buɗe, ko ta yi kumfa, ko tsami ya bugi hanci, ta tashi daga aiki. Firizar da take cike kuma ba a buɗewa tana iya riƙe sanyi har kusan kwana biyu, wadda take rabi kwana ɗaya, a zafin bazara ma bai kai haka ba. Don haka a cike gurbin da babu komai da ruwan leda, a hana yara leƙe-leƙe. Mai son tabbatarwa ta daskarar da ruwa a kofi ta ɗora tsabar kuɗi a kai. Idan wata rana ta tarar da shi a ƙasan kofin, kayan sun narke sun sake kamawa.

Yawancin magunguna kuma ba na firiza ba ne. Allurar insulin ta masu ciwon sukari a firij ake ajiye ta, tsakanin digiri 2 zuwa 8, nesa da bangon baya inda ƙanƙara ke taruwa. Idan ta daskare ko sau ɗaya ta lalace, ko da ta narke ta koma kamar ba abin da ya same ta. A nemi sabuwa.