Yadda Za A Raba Ciyawar Ƙawa Da Aya-aya Da Ƙarangiya A Gombe

Aya-aya ce ta fi wuyar sha'ani. Murza karan nata tsakanin yatsu, za ka ji kusurwa uku, kuma takan tsere wa kiri-kiri, wato ciyawar ƙawar da aka dasa, a tsawo kwana kaɗan bayan yanka. Fizge ganyenta aikin banza ne, domin 'ya'yanta na jere a ƙarƙashin ƙasa, kowanne zai sake tsiro. Jira a yi ruwa ƙasa ta yi laushi, ka haƙa da fartanya zurfin santimita 20, ka tsince 'ya'yan, ka shanya su a rana har su bushe ƙayau. Kada ka zuba su cikin taki. Duk wadda ta sake leƙowa, cire ta kafin ta yi ganye shida. Duba kuma ko famfo na yoyo, don tana son wuri mai danshi.

Ƙarangiya da tsidau da iri suke yaɗuwa. Tuge su a Yuni da Yuli, kafin su yi ƙaya. In sun riga sun zubar, ja tsohon bargo a kan filin ya kwashe ƙayar, ka ƙone.

Maganin feshi sai da lura. 2,4-D na kashe mai faɗin ganye kamar tsidau ya bar kiri-kiri, amma iska kan kai shi kan tumatirin maƙwabci ya murɗe ganyensa. Glyphosate kuwa ba ya zaɓe. In tofa ta shiga filin, sa safar roba, ka shafa shi da soso a ganyenta kaɗai, ranar da babu hadari. Gurbin da ya rage, dasa kiri-kiri nan take.